Idan Maganin Ya Daina Ci: Ƙwayoyin Hanji da Shan Antibayotik Barkatai

Koken da ya yawaita a ɗakunan duba marasa lafiya shi ne na zafin fitsari da ciwon mara da ya ƙi jin magani. An sha Septrin, an sha Cipro, an yi allura, ciwon yana nan. Sai a ce jikin mutum ne ya saba da magani. Gaskiyar ita ce ƙwayar cutar ce ta koyi bijire wa maganin, kuma galibi a cikin hanjinmu ta koya.

Hanjin kowane ɗan Adam cike yake da bakteriya, cikinsu har da E. coli da Klebsiella. Muddin suna can, yawancinsu ba sa cutarwa. Matsala tana tasowa ne idan suka ratsa zuwa mafitsara, ko jini, ko jikin jariri sabuwar haihuwa. Duk antibayotik ɗin da ka haɗiya, ko don mura ne ko don ciwon haƙori, sai ya taɓa su. Raunanan su mutu, masu taurin su tsira su hayayyafa, kamar ciyawar da ta gagari maganin feshi ta mamaye gona. Abin da ya fi tayar da hankali, bakteriya na miƙa wa juna wannan taurin, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Daga nan sai su fita ta bahaya, su bi hannun da ba a wanke ba, ko rijiyar da ke kusa da masai, su shiga jikin wanda bai taɓa shan maganin ba.

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai, bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye. E. coli ce kan gaba, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi asarar rayuka. Magungunan da ake ajiyewa don ranar da sauran suka gaza su ma sun fara sarewa: a 2015 aka ba da rahoton E. coli mai bijire wa colistin a jikin aladu da mutane a ƙasar Sin. Mai hali zai nemi allura mai tsada. Talaka fa?

Inda muka fi yin ɓarna shi ne wajen gudawa. Yaro ya fara zawo, sai a ruga kemis a karɓo Flagyl ko kafso ja da yalo. Alhali yawancin gudawar yara bairos ne ke kawo ta, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos. Abin da ke ceton yaron shi ne ruwan gishiri da sukari, da zinki na kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da nono da abinci. In an ga jini a bahaya, ko yaron ya kasa sha, ko idanunsa sun faɗa, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba. Haka ma al'adar ɗiga wa jariri Ampiclox don wai a wanke masa ciki. Ba ta da tushe, a daina ta.

Mai zafin fitsari da ke dawowa ya nemi a yi masa gwajin da ake rainon ƙwayar a ɗakin gwaji, a ga maganin da ke kashe ta, kafin ya sake haɗiyar komai. In likita ya rubuta magani, a sha yadda ya ce, kada a ajiye saura don gobe ko a miƙa wa maƙwabci. A kai yara rigakafin rota, wato bairos mai kawo gudawa, wanda Najeriya ta saka cikin jadawalinta a 2022. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida.

Masu kiwon kaji, ku daina zuba antibayotik a ruwan kaji masu lafiya. Ku kuma masu kemis, in aka zo neman na mura ko na zawo ba takardar likita, ku ji tsoron Allah ku ƙi sayarwa.