Daben Katako a Banɗaki: Shawarwari ga Magidantan Duwala

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa a Youpwé ya ga kwale-kwalen katako na masunta suna shekara da shekaru a cikin kogin Wouri. Shi ya sa masu sabon gini a New Bell ke tambaya: tunda Allah ya hore wa Kamaru katako, me zai hana a shimfiɗa shi har banɗaki? Ana iya yi, amma da sharaɗi. Ruwan saman Duwala ya haura milimita 3,500 a shekara, iskarmu kuwa ko da rani a jiƙe take.

1. Maigida, ka fara duba gidanka. Idan ruwa yana shigo maka tsakar gida a watan Agusta, ko gindin bango ya yi baƙi da funfuna, ka haƙura da katako, ka sa tayil. Damshin da ke tasowa daga ƙasa ya fi na wanka ɓarna, domin ba ka ganinsa sai dabe ya kumbura.

2. Ka san itacen da za ka saya. Doussié da iroko, wanda Hausawa ke kira loko, da padouk mai jan launi, duk suna jure ruwa da gara. Azobé ya fi su ƙarfi, da shi ake yin gada da tashar jiragen ruwa, nauyinsa ma har nutsewa yake yi, sai dai yana wahalar da kafinta kuma yakan tsage wajen bushewa. Ayous mai araha ba na nan ba ne. Haka ma daben nan mai sheƙi da ake sayarwa a kwali: garin katako ne aka matse, da ruwa ya ratsa bakinsa sai ya tashi kamar burodi.

3. Kada ka karɓi ɗanyen katako. A yi aikin tsakanin Disamba da Fabrairu, bayan siminti ya bushe sarai.

4. Magini ya shafa maganin hana ruwa a kan siminti, ya karkatar da daben zuwa magudana, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. A manna katakon da gam mai jure ruwa, a bar tazarar kusan santimita 1 a jikin bango, a cike tsakanin allunan da baƙin gam mai taushi irin na daben jirgin ruwa.

5. Mai za a shafa, ba banish ba. Banish yana tsagewa, ruwa ya shige ƙarƙashinsa ya kasa fita.

6. Wannan ce shawarar da na fi so a ɗauka. Mu da bokiti muke wanka, buta kuma ba ta hutawa daga asuba har lisha, ga wankin yara. Daben da ke jiƙa sau goma a wuni yaushe zai bushe? Ka sa tayil marar santsi a wurin wanka da na alwala, kafinta ya haɗa maka ɗan dandamalin loko mai rata-rata a ɗora a kai. Ƙafa tana kan katako, ruwa yana wucewa ta ƙasa, ranar da rana ta fito a ɗaga shi a jingine a waje.

7. Uwargida, a tsane ruwa bayan wanka, a bar taga a buɗe, kada a kwara wa katako ruwan Javel. Idan ya fara yauƙi a goge shi da buroshi tun a ranar, musamman in akwai tsoho ko mai juna biyu a gidan.