Yadda Iyaye Za Su Tsaya Wa Matashin Da Ya Kamu Da Ciwon Hanta Nau'in C

A Talata Mafara, Bakura ko Maradun, labarin yakan zo ne ba zato. An ɗebi jinin yaro kafin tiyata, sai mai gwaji ya ce an ga alamar ciwon hanta nau'in C. Ga yaron garau, jiya ma yana fadamar Bakalori yana ban ruwan shinkafa. Halin cutar ke nan: takan yi shekaru tana cin hanta, ba zazzaɓi ba shawara.

Abu na farko, kada uba ya yanke hukunci da gwajin farko. Wannan gwajin yana nuna cewa ƙwayar cutar ta taɓa shiga jiki ne kawai, kuma kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kore ta da kansa cikin wata 6. Sai an yi na biyu, mai neman ƙwayar kanta a jini, ake tabbatarwa. A karɓi takardar turawa daga babban asibitin Talata Mafara zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A fita da hantsi, a dawo kafin la'asar, saboda rashin tsaro a hanya.

Daga nan sai zama da yaron, kuma a nan ne iyaye da yawa ke kuskure. Ana ganin takarda sai tuhuma: "Ina ka je? Da su wa kake yawo?" Alhali ta jini cutar ke bi. Askar wanzami da aka yi wa yara da yawa kaciya da ita, ƙaho, tsaga, cire belu, allurar da aka maimaita a kemis, ƙarin jinin da ba a tantance ba, duk hanyoyi ne. Wani lokaci ma daga uwa ne wajen haihuwa, shi ya sa ya kamata ita da sauran yaran gidan su yi gwaji. Ɗan shekara 15 ya isa a gaya masa gaskiya: "Ɗana, ciwon nan yana da magani, kuma muna tare da kai."

Kada a ware masa kwano ko moɗa. Cin tuwo tare ba ya yaɗa ta, haka musabaha da kwana ɗaki ɗaya. Abin da za a ware shi ne reza, buroshin haƙori da abin yankan farce.

Maganin ƙwayoyi ne, irin sofosbuvir da daclatasvir, sau ɗaya a rana na mako 12, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 suna warkewa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa yara magani tun daga shekara 3. Da irin waɗannan ƙwayoyi Masar ta karya lagon cutar, har hukumar ta karrama ta a 2023. Kafin a fara, likita zai yi gwajin ciwon hanta nau'in B. A sanar da shi idan yaron na shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, domin wasunsu suna rage ƙarfin ƙwayoyin.

Kuɗin yana da nauyi. Gara a sayar da rago ko buhunan shinkafa a haɗa na mako 12 gaba ɗaya da a fara a tsaya a tsakiya. Uwa ta riƙe kwalbar, ta ɗaure shan da sallar asuba don kada a manta. Tsimin maganin shawara na kasuwar Talata kuwa a ajiye shi. Hantar da ke fama ba ta buƙatar ƙarin kaya.

Mako 12 bayan ƙwaya ta ƙarshe a koma a sake gwaji, shi ne shaidar warkewa. Nau'in C ba shi da allurar rigakafi, kuma wanda ya warke zai iya sake kamuwa, don haka iyaye su riƙa ba yaro sabuwar reza duk ranar da zai je aski.