Shimiyo ba ya gama aiki ranar da aka cire ƙarin ruwa

Aikina awon jini ne a nan Tawa. Cikin masu miƙo mini hannu akwai waɗanda suka dawo daga cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, riƙe da takardar likita: a auna jini kafin su koma karɓar shimiyo na gaba, wato maganin kansa. Wasu sun fito daga Barmu ne, wasu Afala ko Takanamat, kuɗin mota ya riga ya cinye aljihu. Sai mai jinya ya ce: "Malam, ai an auna wancan karon." Ina jin nauyin maganar, amma jinin wancan karon ba shi ne na yau ba.

Likita yana lissafa yawan maganin ne da tsawon mutum da nauyinsa. To amma mutum biyu masu kilo ɗaya, a ba su magani ɗaya, wani jikinsa ya fitar da shi da wuri, wani ya riƙe shi har ya zama guba. Hanta da ƙoda ke da wannan aikin. Shi ya sa masana a Turai da Amurka ke neman hanyar ganin maganin a cikin ƙarin kansa: ana soka wani bututu siriri kamar zare a cikin ƙarin, ruwa yana bi ta cikinsa a hankali yana ɗebo maganin da ya iso wurin, a auna. Sun gano abin da ke yawo cikin jini ba lallai ne shi ya shiga ƙarin ba. Wannan har yanzu aikin bincike ne.

Abin da manyan asibitocin kansa ke yi kullum shi ne auna wasu daga cikin magungunan a jini. Misali metotireksat, wanda ake bai wa yara masu kansar jini ko kumburin muƙamuƙi da ake kira Burkit: idan an ba da mai yawa, ana duba ragowarsa bayan awa 24, 48 da 72, ana bin sa da wani magani mai kare lafiyayyen jiki har ya fita.

Mu kuwa a nan, sawun maganin muke bi. Awon kireyatinin yana gaya mana ko ƙoda na tacewa. Ƙirgen ƙwayoyin jini yana nuna ko ɓargo ya farfaɗo. Fararen ƙwayoyi, masu yaƙi da cuta, sukan faɗi ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan shimiyo, daidai lokacin da mara lafiya ke gida, fiye da kilomita 500 daga likitansa. Na sha ganin mutum ya shigo da ƙafarsa yana gaisawa lafiya lau, takardar kuwa ta nuna ba shi da abin tare ko ƙaramar cuta. A kwanakin nan zazzaɓin da ya kai digiri 38 ba na jira ba ne, ko tsakar dare a kawo shi asibiti, a faɗi cewa yana kan shimiyo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayoyin tebur na kasuwa. Ibuprofen da diklofenak da ake sha don ciwon jiki suna hana ƙoda fitar da metotireksat, Bactrim kuma yana ƙara masa dafi. Haɗa da zafin Afrilu da Mayu, da amai ko zawo, ƙoda ta rasa ruwa, maganin da aka auna daidai a Yamai ya fi ƙarfin jiki a Tawa. Jiƙo da sassaƙe ma, ku gaya wa likita, ba wanda zai yi muku faɗa. Batun azumi shi ma a tambaye shi tukuna.

Mai jinya, ke ce idonmu a gida. Ki lura da fitsari: in ya ragu ko ya yi duhu, in baki ya yi gyambo har haɗiya ta gagara, ko dasashi na jini, kada a jira ranar komawa. A hau sikeli kafin kowace tafiya a rubuta cikin karne, don wanda ya rame da yawa sai an sake masa lissafin magani.