Kanwa a cikin harisa, da abin da ta jawo wa wata yarinya

Sana'ata girki ce. A kicin ɗin otal-otal na Hamamat da Nabul, a gaɓar tekun Tunisiya, na koyi haɗa harisa, hannu da hannu da matan da suka gaje ta wurin iyayensu. Tun da na dawo Kano nake yin ta ina kai wa gidajen abinci, don haka duk wanda ke da tambaya a kanta a unguwarmu ni yake nema. Kiran da aka yi mini a farkon zafin bana ya ɓata mini rai matuƙa, har yanzu ban huce ba.

Yarinya ce 'yar shekara 14. Mahaifiyarta ta ga tallar harisa a WhatsApp, jawur a kwalba, mai yana ƙyalli a sama, ta sayi biyu. Ranar da aka buɗe ta farko, uwar ta ɗebi cokali biyu ta zuba a miyar dare, miya ta tafasa, kowa ya ci lafiya. Ita kuwa yarinyar sai ta shafa a burodi da kifin gwangwani, ɗanya, kamar yadda ta ga ana yi a bidiyo. A Tunisiya ma haka ake cin ta, babu laifinta ko kaɗan.

Washegari da yamma ta ce tana ganin ƙofar ɗaki biyu. Aka ce rashin barci ne. Da gari ya sake wayewa fatar idonta ta sauko, ba ta iya ɗaga ta, murya ta shaƙe, baki ya bushe ƙayau. Babu zazzaɓi, hankalinta kuma garau. Aka kai ta kemis, mai kemis bai tambayi komai ba ya danna mata allurar maleriya. Mutumin da jikinsa ko ɗumi bai yi ba! Daga nan aka koma turare da tofi, domin wata maƙwabciya ta rantse iska ce. Sai da yawu ya gagare ta haɗiya, yana zuba ta gefen baki, sannan aka ɗauke ta zuwa asibiti. Allah Ya haɗa su da likita mai lura, ya tambayi abin da ta ci na kwalba ko na gwangwani. Uban ya ce ai ba abinci ba ne, tunda kowa a gidan ya ci. Likitan ya ce, kowa ya ci, amma wa ya ci ba a dafa ba?

A daren uwar ta kawo mini kwalbar da ba a buɗe ba. Murfin ya ɗan tasa a tsakiya, idan ka danna da babban yatsa ba ya lotsawa. Na sa safar hannu na murɗe shi, ya yi tsuwwa, ƙananan kumfa suka taso daga ƙasa suna ratsa man. Ban da wannan, babu fumfuna, babu wari, launi kamar jiya aka yi. Na tsoma na'urar auna tsami, ta tsaya a kan 5.8. Na rufe, na ƙulle a leda biyu, na ce, Hajiya, ki kai wa likitan nan yanzu, kada ki bari gari ya waye.

Da safe na nemi mai sayarwar. Yarinya ce ita ma, ba ta daɗe da aure ba, tana neman na kanta, kuma na san ba mugunta ta yi ba. Kwalabe na jere a kan kanta cikin shago mai rufin kwano, ana tsakiyar watan Afrilu. Na ce, ƙanwata, zauna ki faɗa mini yadda kika haɗa, kada ki tsallake komai.

"Anti, wallahi sabuwa ce, ko wata ɗaya ba ta cika ba."

Ɗanyen tattasai da shambo da attaruhu ta kai injin markaɗen bakin titi, mai injin ya ƙara ruwa don ya wuce. Ta ɗan soya sama-sama. Ta sauke, ta zuba ɗanyar tafarnuwa mai yawa. Gishiri ta rage, wai masu hawan jini suna saye. Da farko tana matsa lemon tsami, sai masu saye suka yi ƙorafin tsami ya yi yawa, ita kuwa ta yi abin da kowace mace ke yi wa miyar tumatir: ta jiƙa kanwa ta zuba. Sannan ta malala man gyaɗa a sama ta ɗaure murfi. Na ce wa ya ce miki wannan za ta zauna a waje? Ta buɗe waya ta nuna mini. Wani aji ne na koyon girki da ta biya naira dubu uku ta shiga, malamar ta turo saƙon murya tana cewa in dai mai ya rufe, wata shida ba abin da zai same ta, ko babu wuta.

Wannan malama ce ta fi ƙona mini rai. Ba ta taɓa riƙe na'urar auna tsami ba, ba ta taɓa ganin barkonon baƙaluti na harisar Tunisiya da idonta ba, ta kwaso rabin bayani daga bidiyon wasu ta sayar wa mata ɗaruruwa. Ire-irenta sun cika waya, kowace da sunan shef a gaban sunanta.

Matan Nabul ba haka suke yi ba. Barkonon sai ya bushe a rana, a shanye a jikin bango cikin dogayen igiyoyi, har ya yi duhu. A tsaga shi, a cire hanci da 'ya'ya, a wanke, a tsane shi sosai, a niƙa a turmi ko a injin niƙa nama na hannu, da gishiri mai nauyi, da tafarnuwa, da kusbara da karawiya. Abin da ke fitowa kauri gare shi, idan ka soka cokali tsayawa yake. Bushewar nan da gishirin nan su ne masu gadi, man zaitun na sama yana hana fuskar bushewa da fumfuna ne kawai. Wannan ilimi ne UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gadon bil'adama a watan Disamban 2022. Ta gwangwani kuwa, irin su Le Phare du Cap Bon da 'yan'uwanmu ke tahowa da ita daga Libiya da Aljeriya, masana'anta ce ta dafa ta a rufe da zafin da tukunyar gida ba ta kaiwa. Ita wannan baiwar Allah mai sayarwar ta ɗauki ɗanyen barkono mai ruwa irin na masana'anta, ta yi masa ajiyar gargajiya, ta cire gishirin gargajiyar, sannan ta kashe ɗan tsamin da ya rage da kanwa. Duk ƙofar da ke rufe ta bi ta buɗe.

Ƙwayar botulinum, wadda dafinta ya kama yarinyar, a ƙasa take zaune, tana zuwa a jikin tafarnuwa da barkono. Tafasar ruwa ba ta kashe irinta, sai zafi ya kai digiri 121. Ba ta son iska, ba ta son tsami mai ƙarfi wanda na'ura ke nuna ƙasa da 4.6, tana son laima da ɗumi. Mai a sama ya kore mata iska, kanwa ta kore mata tsami, rufin kwano ya ba ta ɗumi. Dafin da take fitarwa shi ne zafi ke iya lalatawa, digiri 85 na minti biyar ko fiye, shi ya sa masu miya suka tsira. Kuma ba sabon abu ba ne. A 1985 mutum 36 suka kamu a Bankuba ta Kanada daga yankakkiyar tafarnuwa cikin mai da wani gidan abinci ya bari a waje. A 1989 aka sake samun mutum uku a jihar New York, daga nan hukumar abinci ta Amurka ta hana sayar da tafarnuwa cikin mai sai an ƙara mata tsami.

Mai ba firji ba ne. Kanwa da bakar hoda ba su da wuri a cikin abin da za a rufe a kwalba. Wadda ba ta da na'urar auna tsami kada ta sayar da harisa, ta yi wa gidanta kaɗai.

Idan ta gida ce, a yi kaɗan. Mai ɗanyar tafarnuwa da mai, kwana huɗu a firji mai sanyin gaske, sauran a zuba a abin yin ƙanƙara a daskarar, ana ciro ɗaya-ɗaya. Firjin da ake ɗauke wa wuta tun asuba sai bayan isha'i akwati ne kawai, kada a yaudari kai. Gishiri a auna shi a sikeli, a daina cewa ido ya san kima, a nan bai sani ba. Mai hawan jini ya rage abin da yake ɗiba, ba a rage masa gishirin kwalba. Idan tsami ya dame ki, ki gasa tattasan ya yi zaƙi, ko ki rage a faranti da ɗan mai. Na sake faɗa, ban da kanwa.

Injin markaɗen bakin titi kuma, wanda yanzu ya gama wake, ɗazu ya yi gero, kuma ruwan jarka ake ɗura masa, ba na harisa ba ne.

Akwai maganar barkonon kansa. A daina sayen niƙaƙƙe a mudu don sauƙi. Wanda ya yi ja fiye da kima, yana rina yatsa da farce, a yi zarginsa. A 2003 an kama rinin masana'anta mai suna Sudan 1 cikin garin barkono a Faransa, kuma kasuwarsu ta fi tamu sa ido. A sayi gudansa, a tsaga a duba ciki. Mai baƙin ƙura ko farin gashi a ciki, wanda damina ta taɓa a buhu, a zubar, wanki ba ya cire dafin fumfuna. Kwalbar mayonis da aka ɗauraye da ruwan sanyi, murfinta ya yi tsatsa, ita ma haka. Cokalin da ya shiga baki kada ya koma.

Yarinyar ta yi makonni a kan na'urar numfashi. Maganin kashe dafin yana tsayar da wanda ke yawo a jini ne, ba ya dawo da jijiyar da ta riga ta shanye, wannan sai jiki ya gyara da kansa a hankali. An sallame ta, amma har yanzu ba ta iya hawa bene ba tare da ta huta ba, kuma zangon karatu guda ya wuce ta. Uban ya sayar da filinsa. Da an kai ta ranar da ta ce tana ganin ƙofa biyu, da wahalar ba ta kai haka ba.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne dangin mai sayarwar, da suka ce a bar kaza cikin gashinta, kada a ɓata wa yarinya kasuwa. Kwalabe goma sha suna gidajen mutane, ana maganar kasuwa! Na zaunar da ita ta kira masu sayen ɗaya bayan ɗaya a gabana, tana kuka tana kira. Wata ta ce ai ta ɗanɗana lafiya lau take, ba za ta zubar da kuɗinta ba. Kada a ɗanɗana. Ko a bakin harshe kada a sa, dafin ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, kuma ba kullum murfi ke kumbura ba. Kwalbar da ake zargi a ƙulle ta a leda da murfinta, kada a juye a kwata ko a bola inda kaji da awaki da yara ke tono.

Duk wanda ya fara gani bibbiyu, ko fatar ido ta sauko, ko haɗiya ta yi wuya, babu zazzaɓi, tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan cin abin kwalba, wani lokaci ma bayan kwanaki, a wuce kemis a tafi babban asibiti mai na'urar numfashi, a tafi da kwalbar, a kuma faɗi sunan duk wanda ya ci tare da shi.