Ba Kowane Fitsarin Jini Ne Tsargiya Ba

A ƙasar Hausa, da zarar an ga jini a fitsarin yaro sai a ce tsargiya ce. Sau da yawa hakan ne, musamman ga yaran da ke wanka a kududdufi. Amma akwai yaron da zai shanye maganin tsargiya, jinin ya ƙi ɗaukewa, yana murƙususu yana dafe kwiɓi, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari. Irin wannan yaro, a duba yawan sinadarin kalsiyam a fitsarinsa.

Aikin ƙoda ne ta tace jini, ta mayar wa jiki mafi yawan kalsiyam. A wasu yara sai ta riƙa sakinsa fiye da kima, alhali adadinsa a jini daidai yake. In fitsari ya yi kauri, sai kalsiyam ya haɗu da sinadarin oksalet, ya zama ƙwayoyi kamar rairayi masu kankarar hanyar fitsari. A hankali su dunƙule su zama tsakuwa. Sau da yawa gado ne, shi ya sa likita kan tambayi ko wani a dangi ya taɓa yin tsakuwar ƙoda.

Gwajin ba wuya. Ana tara fitsarin awa 24. In kalsiyam ya wuce miligiram 4 a kan kowane kilo na nauyin yaron, an gano matsalar. Hoton ciki kuma zai nuna ko akwai tsakuwa.

Maganin farko ruwa ne. A ba yaro gorarsa ya tafi da ita makaranta, musamman a zafin Maris zuwa Mayu, ya yi ta sha har fitsarinsa ya daina kauri. Sai rage gishiri, domin duk gishirin da ƙoda ta fitar yana jan kalsiyam tare da shi. Dunƙulen miya da garin ɗanɗanon taliyar yara cike suke da shi. Lemon zaƙi da lemon tsami suna taimakawa.

Babban kuskuren iyaye shi ne hana yaro nono da madara saboda kalsiyam ɗin da ke cikinsu. Yin haka na raunana ƙashinsa, kuma yana ƙara oksalet a fitsari. In gyaran abinci bai wadatar ba, likita na da ƙwayoyin da ke rage zubar kalsiyam.

Iyaye, in ciwon ya zo da zazzaɓi, ko amai ba tsayawa, ko fitsari ya ƙi fita, a garzaya asibiti a ranar.