Amanar Mai Kyauta: Nasiha Ga Masu Sayen Kayan Gida Lokacin Kirsimeti

Idan watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko da hazonsa, manoma sun kai amfanin gona gida, ma'aikatan da ke Kumasi da Akra kuma sun fara ɗaure kaya domin zuwa ganin dangi, to a nan ne kasuwar kayan gida take cika ta batse, tun daga Salaga har Yendi har Bawku, kowa yana neman abin da zai riƙa a hannu ya shiga gidan surukai ko na maƙwabta ba tare da jin kunya ba. Sayar da waɗannan kaya ita ce sana'ata, a kanta na yi furfura: ina saro tukwane da langa da tangaran da fulas da 'yan kayan lantarki daga Kumasi, in kasa a rumfata a Salaga, ƙananan 'yan kasuwa na Yendi da Bawku kuma su ɗiba daga hannuna. Abin da na gani a cikin wannan mu'amala shi ya wajabta mini wannan rubutu, domin na tabbata cewa mafi yawan masu sayen kyauta da ido kaɗai suke zaɓe, alhali kuwa abin da suka zaɓa zai shiga ɗakin girkin wani, da cikin 'ya'yansa, ya zauna shekaru bayan an manta da ranar bikin.

La'alla wani ya ce, me ya haɗa Musulmi ɗan zango da kyautar Kirsimeti? Hukuncin wannan mas'ala fagen malamai ne, su ke da fatawa. Amma zaman da muke yi a wannan ƙasa ta Ghana ba a ɓoye yake ba. Yendi, fadar Ya-Na, tun 1999 take da kujerar bishop na Katolika. Asibitin Presbyterian na Bawku ya yi wa Musulmi da Kirista maganin ido da na jiki ba tare da tambayar kowa alƙiblarsa ba. Babban Limamin ƙasa kuwa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, a watan Afirilu na 2019, yana cika shekara 100, da ƙafarsa ya ziyarci majami'ar Christ the King a Akra ranar Ista. A unguwanninmu, wanda muka aika wa naman layya shi ne yake aiko mana da shinkafa da zabo a rufe cikin langa ranar 25 ga Disamba, langar kuma ba ta komawa wofi, tun da yaba kyauta tukwici. Haƙƙin maƙwabci abu ne da shari'a ta ƙarfafa ba tare da sharaɗin addini ba, kuma ni a fahimtata, yana daga cikin wannan haƙƙi kada ka kai masa abin da zai cutar da shi, ko da da kyakkyawar niyya ne. Wannan nasiha dai ta shafi ɗan'uwa Kirista mai ƙawata gidansa, kamar yadda ta shafi mai haɗa kayan ɗakin amarya ko mai sayayyar Salla.

Kakanninmu fataken Gwanja, waɗanda suka riƙa ɗaukar goro daga wannan gari na Salaga zuwa Kano da Sakkwato kafin kasuwar ta karye bayan Ingilishi sun ci Asante a 1874 da kuma basasar 1892, ba su taɓa sayen huhu don kyan ganyen da aka naɗe shi da shi ba. Sai sun kwance, sun tona har ƙasa, sun fitar da mai sankara, domin sun san tafiya mai nisa ce, kuma aibin da aka ɓoye a Salaga a kan hanya zai bayyana. Irin wannan bincike ne ya ƙaura daga kasuwanninmu. Tsadar rayuwa ta taimaka, domin a Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100, mutane suka koma neman mafi araha, masu shigo da kaya kuma suka amsa musu da abin da suke nema: kaya masu kyan ɗan maciji, waɗanda ake tara su musamman domin makonnin biki, lokacin da gaggawa ta hana mai saye tsayawa ya juya abu ya dubi gindinsa.

Zan daɗe a kan tukunya, domin ita ce kyautar da aka fi so, ita ce kuma mafi ɓoyayyen hatsari. Tukwanen alminiyum na zubi, waɗanda maƙera ke narka tarkacen ƙarafa su zuba a cikin ƙasa, suna da ƙarko da araha, babu gidan biki da ba a ɗora su. Illa dai abin da aka narka shi ne abin tambaya. Maƙerin da ya tsaya ga gwangwanayen lemo da tsofaffin tukwane daban yake da wanda ya haɗa da sassan injin mota da lagireto da duk abin da 'yan bola suka kawo masa, domin a cikin waɗannan akwai dalma, dalmar kuwa ba ta zama a jikin tukunya, tana narkewa sannu a hankali cikin abinci, musamman mai tsami irin miyar tumatir da yakuwa da kunun tsamiya, kuma gwargwadon daɗewar girki gwargwadon abin da ke fita. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya tabbatar da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani miƙidari na dalma a jinin mutum da za a ce ba shi da illa, kuma rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro 1 cikin kowane 3 a duniya, wato har kimanin miliyan 800, yana ɗauke da ita a jininsa fiye da ƙima. Mun ji labarin Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Ta tukunya ba ta kisa haka farat ɗaya, sai dai ta riƙa rage wa yaro kaifin fahimta da jini, ba zazzaɓi ba kuka, har a kai shi makaranta a ce ba ya gane karatu, babu wanda zai tuhumi murhu.

Ido ba ya ganin dalma, ni ma mai sayarwa ba na ganinta, saboda haka ba ni da wata dabara ta ƙwanƙwasa tukunya in gane. Abin da ke hannuna shi ne sanin maƙerin da nake hulɗa da shi da tambayarsa abin da yake narkawa, kuma ba na nufin a karya sana'ar waɗannan bayin Allah, waɗanda su ne farkon masu shaƙar hayaƙin. Amma idan kyauta ce za a kai gidan da ke da mai ciki ko ƙananan yara, shawarata ita ce a sayi tukunya ɗaya ta farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, mai kaurin gindi, ko da kuɗinta ya kai na zubi uku. Wanda kuma ya riga ya mallaki ta zubi, kada ya bar miya ta kwana a cikinta, kada kuma ya dama kunun jariri a ciki. Wani saurayi ya taɓa zuwa neman abin da zai kai wa uwargidan da ta riƙe shi yana makaranta a Yendi, ya nuna jerin tukwane bakwai masu walƙiya ya ce, "Baba Alhaji, waɗannan nake so, su za su cika ido." Na ce masa, "Ɗana, jikokinta nawa ne a gidan?" Da ya lissafa, na yi masa bayanin da na yi a sama, ya ɗauki biyu masu nagarta ya ƙara da bargo, tun da sanyin hunturu ya fi damun tsohuwa bisa ga ƙarancin tukwane.

Langa da tangaran su ma suna da nasu. Fentin ja da rawaya da ruwan goro da ake zana furanni da shi wani lokaci yana ɗauke da dalma ko wani ƙarfe mai guba irinta, don haka a zaɓi wanda cikinsa fari ne fes, adon yana waje, nesa da inda leɓe ke taɓawa. A shafa zanen da yatsa: idan aka ji tudunsa a saman sheƙin, to bisa aka ɗora shi, wanki zai kankare shi zuwa cikin abinci. Langar da ta ɓantare har baƙin ƙarfe ya fito ta tashi daga kwanon ci. Roba kuwa a juya gindinta a nemi alamar kofi da cokali mai yatsu, ko lamba 5 a cikin alwatika, ita ce mai jure zafi. Farantan nan masu tauri da ke kama da tangaran amma ba sa fashewa kada a sa su cikin na'urar ɗumama abinci. Fulas na shayi gwajinsa mai sauƙi ne, kuma duk mai rumfa na ƙwarai zai yarda a yi shi a gabansa: a zuba tafasasshen ruwa a rufe, a jira kaɗan, in bayansa ya ɗumama to ya mutu, ba zai riƙe zafi ba.

Sai kayan lantarki, waɗanda hatsarinsu ba ya jiran shekaru. Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, butar dafa ruwa mai wat 2000 kuwa tana jan kusan amfiya 9 ita kaɗai. Idan aka haɗa ta da dutsen guga da tukunyar dafa shinkafa a kan soket guda mai baki da yawa, wanda wayarsa ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba, to wayar za ta yi zafi ta narke, a cikin watan da iska ta busar da jinka da labule da katifa. Na sha yanka irin wannan waya a gaban masu saye, sai a tarar abin da aka zata jan ƙarfe ne ashe wani ƙarfe ne aka shafa wa launi, wani ma har maganaɗisu yana kama shi. A nemi fulogi mai ƙafa uku da fiyus a cikinsa, a auna nauyin wayar a hannu, a kan firji da na'urar sanyaya ɗaki kuma a dubi takardar taurari ta Hukumar Makamashi, wadda yawan taurarinta ke nuna ƙarancin cin wuta. Tsohon firji na gwanjo kuwa tun farkon 2013 aka haramta shigo da shi. Fitilun ado masu ƙyaftawa, waɗanda 'yan'uwanmu Kirista ke ratayawa a majami'u da ƙofofin gida, kada a naɗa su a jikin labule ko zana, kuma a zare su daga wuta kafin a kwanta. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ko 112.

Game da yara, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓalli da ke cikin motocin wasa da takalma masu haske, domin idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaronsa cikin 'yan sa'o'i. Duk abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da kusa ba, a bar shi. Nokawut kuwa, wato abin wasan nan mai fashewa da ƙara, doka ta hana shi a Ghana tun 1999, 'yan sanda kuma suna tunatarwa duk shekara. Abokan cinikina na Bawku na roƙe su musamman da su daina kasa shi, shi da bindigar roba, domin garin da ya sha dokar hana fita da zubar da jini, har a ƙarshen 2021 aka hana sa rigar batakari a cikinsa saboda tsoron abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashinta, ƙarar wasa a cikin dare tana iya tarwatsa unguwa ta jawo abin da ba a yi nufi ba. Ribar da ke cikin wannan ciniki ba ta kai haka ba.

Kwandon kyauta na kayan gwangwani da biskit da lemo, wanda ake lulluɓewa da leda mai sheƙi, sau da yawa maɓoyar kayan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa ne. Gara mutum ya sayi kayan ɗai-ɗai, ya karanta kwanan wata da lambar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna, ya guji gwangwanin da ya kumbura ko ya lotsa, sa'an nan ya jera su cikin kwandon Bolga, wanda shi kansa kyauta ne. Ko da yake faɗin haka zai rage cinikin rumfata, gaskiya ita ce kyautar da na ga an fi farin ciki da ita ba daga bakin teku take zuwa ba: doyar Salaga, da zabi biyu masu rai domin mai gida ya sa a yanka yadda kowa zai ci, da man kaɗe, da albasar Bawku, da batakari saƙar Daboya ko ta Yendi, irin tufar da Kwame Nkrumah ya sa daren samun mulkin kai a Maris na 1957. Waɗannan an san asalinsu, kuɗinsu kuma a hannun maƙwabci yake tsayawa.

Saura magana ga 'yan'uwana 'yan kasuwa. Mun karanta a babin ciniki na Risala cewa algus da ɓoye aibi haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa; rubuta "ba a mayar da kaya" a bakin rumfa ba ya shafe wannan hukunci, kuma bai bambanta tsakanin mai saye Musulmi da waninsa ba. Saboda haka mai saye ya nemi rasit mai ɗauke da kwanan wata da sunan rumfa, a jona masa kowane kayan lantarki ya ga yana aiki, a buɗe kwalin tangaran a ƙirga a duba tsagewa, kuma ya yi sayayyarsa a farkon Disamba, lokacin da akwai sarari na dawowa a canja, tun kafin motocin Tamale da Kumasi su cika farashi kuma ya tashi.