Darasin Wannan Mako: Wane Kifi ne Ke Zama da Wane?

Tun bayan baje kolin kimiyya, mutane da dama suke tambayata yadda ake kiwon kifin ado a akwatin gilashi, wato akwariyam. Bari in fara da asarar da na yi, don kada ku maimaita ta.

A hutun bara na sayi gupi shida, ƙananan kifaye masu wutsiya kala-kala. Sai ƙanena ya kamo ɗan tarwaɗa a kududdufi, tsawonsa bai wuce yatsa ba, muka saka shi tare da su. Bayan mako uku gupi ɗaya ya rage. Ba mugunta tarwaɗar ta yi ba, halinta ke nan. Tarwaɗa da dare take farauta, kuma a gonar kifi tana iya kai kilo ɗaya cikin wata shida. Wannan shi ne abu na farko da za ka duba: baki. Duk kifin da zai iya shiga bakin wani, to abincinsa ne. Kuma kada ka auna da girman da kifi yake a ranar saye, ka tambayi girman da zai kai. Karfasa ma haka take, tana ƙarama kyakkyawa ce, tana girma sai ta tone tsakuwar ƙasa ta kori kowa daga gefenta.

Na biyu, hali. Akwai kifin da ake kira beta, asalinsa ƙasar Tailan ne. Namijinsa yana da kyau ƙwarai, amma in ka haɗa maza biyu sai sun yi wa juna kaca-kaca. Namijin gupi ma ba ya tsira daga gare shi, domin doguwar wutsiyar gupi tana sa ya ɗauka abokin gaba ne. Shi kuma taiga bab, mai ratsin baƙi kamar damisa, sana'arsa cizon wutsiyar kifaye masu tafiya a hankali. Wasu kifayen kuwa ba sa son kaɗaici. Niyon tetira na kogin Amazon sai sun kai shida suke sakin jiki. In ka sayi biyu kawai, za su yini a ɓoye, kalarsu ta dushe.

Na uku shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi, wato zafin ruwa. Kusan kowa da golfish yake son farawa, saboda shi muka saba gani a talabijin. A ganina shi ne mafi munin zaɓi ga mai ƙaramin akwati. Asalinsa daga Sin ne, yana son ruwa mai sanyi-sanyi, wajen digiri 18 zuwa 22, yana kai santimita 20, ga yawan kashi. Gupi, moli da filati kuwa sun fi son digiri 24 zuwa 28. Ka ga ba yadda za a yi ruwa ɗaya ya yi wa duka daɗi. Sannan ka tuna yanayinmu: a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ruwan zafi kuma ba ya riƙe iskar oksijin sosai. Idan aka ɗauke wuta, injin busa iska ya tsaya, akwatin da aka cika da kifi shi ke fara mutuwa. Da hunturu kuma ruwan yakan yi sanyi da dare, don haka kada ka ajiye akwatin kusa da taga.

To me za ka saka? Mu ce akwatinka na cin lita 60, wato jarka biyu da ɗan ƙari. Ka sa gupi shida a sama da tsakiya, sai koridoras biyar ko shida a ƙasa. Koridoras ɗan dangin tarwaɗa ne daga Kudancin Amurka, amma bai wuce santimita 6 ba, ba ruwansa da kowa, sai kiwo a cikin yashi. Shawarata ka zaɓi gupi maza zalla. Macen ba ƙwai take yi ba, 'ya'ya take haifa, kusan kowane wata, sau da yawa fiye da 20. Cikin zango ɗaya za ka rasa inda za ka kai su.

Kada ka zuba su duka rana ɗaya. Kashin kifi yana fitar da guba mai suna amoniya, kuma ƙwayoyin bakteriya da ke narkar da ita suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita a cikin matatar ruwa. Fara da gupi uku, ka ƙara sauran a hankali. Idan ruwan famfo ne, ka bar shi a bokiti ya kwana don sinadarin kulorin ya fita, kuma duk mako ka sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ba duka ba.

Mai tambaya ya jefa takardarsa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis.